Soson Teku da Ganyen Majimfa

Kogin da ya ratsa garin Wudil bai taɓa ganin teku ba. Ruwan Kogin Kano da na Calawa ne suke haɗuwa su biyo ta ƙarƙashin gadar garin, su nausa gabas zuwa Haɗeja, su bazu cikin fadamun Nguru, abin da ya rage ya bi Kogin Yobe ya tsaya a Tafkin Cadi. Saboda haka masuncin Wudil yana iya ƙare rayuwarsa a kan ruwa ba tare da ya taɓa ɗanɗana ruwan gishiri ba. Duk da wannan nisa, akwai wani malamin makaranta a garin wanda wata halitta ta ƙarƙashin teku ta shiga rayuwarsa, har ta sauya masa yadda yake kallon mahaifinsa.

Malamin ɗan gidan masunta ne, kuma shi ne ɗan fari. Ya tashi cikin ƙarnin kifi, da saƙar koma, da tashin asuba. Kafin ya san baƙi da fari ya riga ya san bambancin tarwaɗa da ƙurungu, ya san gurbin da karfasa ke taruwa idan ruwa ya ja baya. Amma da boko ya karɓe shi, ya yi nisa har ya zama mai koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare, sai ya fara jin nauyin asalinsa. A ganinsa duk abin da ba a rubuta a littafi ba camfi ne, duk wanda bai shiga ɗakin gwaji ba kuwa bai san komai game da tsirrai da dabbobi ba.

A bayan ɗakin mahaifinsa akwai wasu 'yan itatuwa guda huɗu masu laushin ganye da farin fure, waɗanda tsohon ya taho da irinsu daga yankin Binuwai a zamanin da yake zuwa cin rani. Sunansu majimfa. Masuntan da can sukan daka ganyen su zuba a gurbin da ruwa ya yanke, jim kaɗan sai kifi ya taso sama a galabaice, a kwashe da hannu. Malamin ya san cewa dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta shekarar 1992 ta haramta amfani da guba, ya kuma san dalili: guba ba ta bambanta babban kifi da 'ya'yansa. Wata rana da hantsi, tsohon yana bakin kogi, ya ɗauki adda ya sare itatuwan duka, ya tone saiwoyinsu.

Da tsohon ya dawo ya tarar, bai yi faɗa ba. Ya daɗe a tsaye yana duban wurin. Da yake ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, tun da ya fara koyarwa Malam yake kiransa. Sai ya ce, “Malam, rabona da zuba majimfa a ruwa tun ba ka yi wayo ba. Kaskar awakin uwarka nake wankewa da ita, ina kuma sa busasshen ganyen a buhun wake saboda ƙwari. Ka san sunanta, amma ba ka san ta ba.” Malamin bai ba da haƙuri ba, domin a ransa yana ganin shi ke da gaskiya. Maganar ta wuce, shekaru suka shuɗe, wurin ya zama filin shanya.

Ana nan sai jarrabawa ta zo. 'Yarsa ta biyu, yarinya mai shekara tara, wadda kakan yake tsokana da sunan amaryarsa, ta fara rama da zazzaɓin da ba ya jin magani. Idanunta suka yi fari, dasashinta ya riƙa zubar da jini. Bayan an yi ta kai da kawo, a wani babban asibiti a Kano aka ɗebi ɓargonta aka auna, likita ya zaunar da uban ya ce masa sankarar jini ce. Ya bayyana masa cewa wasu ƙwayoyin jini ne marasa amfani suke hayayyafa a cikin ɓargo ba ƙaƙƙautawa, har sun hana lafiyayyu wurin zama. Aka fara ɗura mata magani ta jijiya. A jikin 'yar kwalbar an rubuta Cytarabine.

Daren asibiti dogo ne ga mai jinya. A irin wannan dare ne malamin ya ɗauki wayarsa ya nemi sanin mene ne wannan ruwa da ake zuba wa 'yarsa, daga ina kuma ya samo asali. Amsar da ya samu ta ba shi mamaki: tushen maganin yana komawa ne ga soson teku.

Bahaushe ya san soso iri biyu: na tsiron da ke yaɗo a kan danga, da na roba da ake saye a kasuwa. Na teku daban ne, domin shi ba tsiro ba ne, dabba ce. Ba shi da ƙwaƙwalwa, ba zuciya, ba jini. Yana manne ne a jikin dutse ko murjani, jikinsa duk ƙananan ramuka, yana jan ruwa ta cikinsu yana tace abincinsa. An san fiye da nau'i 8,000 nasa, har da 'yan kaɗan da ke zaune a koguna da tafkuna. Abin lura shi ne, halitta ce da ba ta iya gudu, ba ta da haƙori, ba ta da ƙaho, amma tana cikin dabbobi mafi daɗewa a duniya. To da me take kare kanta daga kifaye masu yunwa, da ƙwayoyin cuta, da maƙwabtan da ke son ƙwace mata wurin zama? Ɗaya daga cikin manyan makamanta shi ne sinadari. Da yawa daga cikin waɗannan sinadarai kuwa aikinsu shi ne su daƙile inzayim a jikin abokin gaba.

Inzayim abu ne da malamin ya sha koyarwa a aji, amma sai a wannan dare ya ji kamar yau ya fara saninsa. Wasu ƙananan ma'aikata ne a jikin kowane mai rai, dubbai ne, kowanne da aikin da aka keɓe masa, kuma su ne ke hanzarta duk wani sauyi da ke gudana a jiki. Matan gida sun san aikinsu ko da ba su san sunansu ba. Idan yaro ya lashi cokali ya mayar cikin koko, ba a jimawa kokon yake tsinkewa, saboda inzayim ɗin da ke cikin yawu ya narkar da sitacin. Idan aka naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda yakan yi laushi, shi ma aikin wani inzayim ne. A shekarar 1894 wani masani Bajamushe, Emil Fischer, ya kwatanta inzayim da abin da yake aiki a kansa da ƙwaɗo da makullinsa, wato kowane ƙwaɗo da ɗan makullin da ya dace da shi. Bisa wannan misali, sinadari mai daƙile inzayim kamar makullin bogi ne: yana kama da na gaskiya har ya shiga ƙwaɗon, amma ba ya buɗewa, kuma ya tare wa na gaskiya hanya. Idan aikin da ya tsaya na numfashi ne, an samu guba. Idan aikin da cuta ta dogara da shi ne, an samu magani.

Wanda ya fara buɗe wannan ƙofa a kan soson teku shi ne Werner Bergmann, masanin sinadarai a Jami'ar Yale ta Amurka. Shi ba magani ya fita nema ba, nazarin maiƙon halittun teku yake yi. Ya samo wani soso daga gaɓar Filorida, ya tafasa shi cikin sinadarin asiton, sai ya ga wani abu mai ƙyalli ya kwanta wanda bai yi tsammani ba. Maimakon ya zubar, sai ya tsaya ya bincika. A shekarun 1950 da 1951 shi da abokin aikinsa Robert Feeney suka bayyana cewa abin ya yi kama da tubalan da ake gina DNA da su, wato dogon zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin kowace ƙwayar halitta, sai dai nau'in sukarin da ke jikinsa ba irin wanda aka saba gani ba ne. Wannan ya nuna wa masana cewa ana iya sauya sukarin a ƙera tubalin bogi. A 1959 aka haɗa sitarabin a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a 1969 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Bergmann ya rasu a 1959, bai ga ko mutum ɗaya da aka yi wa magani da shi ba. Yau maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba daga jikin soso ake tatso shi ba, a masana'anta ake haɗa shi, amma soso ne ya bayar da fasalin.

Yadda maganin yake aiki ya tuna wa malamin da mahaifinsa a gindin ɗurumi yana saƙar koma. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu, dole wani inzayim ya saƙa sabon zaren DNA, ƙulli bayan ƙulli. Sitarabin yana shiga hannun wannan masaƙi a matsayin zare na ƙwarai, ya cushe masa aiki, saƙar ta tsaya, ƙwayar ta mutu. Da yake ƙwayoyin sankara sun fi yawan rabuwa, su suka fi jin jiki. Amma lafiyayyun da su ma ke saurin rabuwa, kamar na gashi da na cikin baki, ba sa tsira. A nan ya gane dalilin zubewar gashin 'yarsa da gyambon da ya fito mata a baki. Ya gane cewa abin da ake ɗura mata guba ce da aka auna.

Bai tsaya nan ba, ya ci gaba da karatu a dararen da suka biyo baya. A 1980, a Jami'ar Hawayi, an samo sinadarin manowalid daga wani soso na tsibiran Palau, mai daƙile inzayim ɗin da ke tayar da kumburi. An gwada shi a kan wata cutar fata amma bai kai ga shiga kasuwa ba, sai ya zama kayan aikin masu bincike. A 1981 an samo sinadarin okadayik daga wani baƙin soso na gaɓar Japan, daga baya aka gane cewa ba soson ne ke yin sa ba, wasu ƙananan halittu ne da yake tacewa daga ruwa. Daga wannan soson dai, a 1986, Hirata da Uemura suka bayyana wani sinadari mai kashe ƙwayoyin sankara ta wata hanyar daban. Sai da suka sarrafa kilogiram 600 na soso kafin su samu miligiram 12.5, abin da bai cika tsinin cokali ba. Aka shafe shekaru ana koyon haɗa shi a ɗakin gwaji, sai a 2010 aka amince da maganin sankarar mama da aka ƙera bisa fasalinsa. Darasin a fili yake: samun sinadari mai ƙarfi farkon tafiya ne kawai, mafi yawansu a hanya suke zubewa, wanda ya kai kuwa yakan ci shekaru ashirin ko fiye.

Wani dare, yarinyar ta samu barci, sai tambaya ta faɗo masa: shin mene ne a cikin majimfa da ke sa kifi ya taso? Ya nema, ya samu. Sunanta a kimiyyance Tephrosia vogelii, an raɗa mata shi ne don tunawa da Theodor Vogel, masanin tsirrai Bajamushe da ya biyo ayarin binciken Kogin Kwara a 1841 ya rasu a wannan shekarar. Wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Ganyen majimfa yana ɗauke da sinadarai dangin rotinon, waɗanda ke daƙile wani inzayim da ƙwayar halitta take buƙata kafin ta yi amfani da iskar numfashi. Kifi ya fi saurin kamuwa domin sinadarin yana shiga jininsa kai tsaye ta inda yake numfashi. Shi ya sa yake tasowa sama yana haki alhali yana cikin ruwa. Haka kuma sinadarin yake yi wa kaska da ƙwarin wake, kuma hasken rana yana lalata shi cikin 'yan kwanaki.

Malamin ya ajiye wayar, jikinsa ya yi sanyi. Ashe abin da ya sare da adda da abin da yake sayar da gonarsa don ya saya wa 'yarsa, ƙa'idarsu ɗaya ce. Ya kuma tarar cewa ƙasarsa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Waken Kalaba, wanda Efik suke kira esere, da can ana ba wanda ake zargi da maita ya ci. A 1864 masana a Jamus suka ware sinadarinsa, a 1876 aka fara amfani da shi wajen maganin hawan jinin ido, a 1926 kuma aka gano cewa wani inzayim na jijiyoyi yake daƙilewa. Mutanen wurin ne suka san waken, wasu ne suka yi tambaya ta gaba.

Bayan zagaye na biyu na magani, yarinyar ta samu sauƙi aka sallame su. Ranar da suka iso Wudil, kakan ya tarbe ta a zaure, ya shafa kanta da babu gashi ya ce, “Amaryata, wa ya yi miki aski ban biya ba?” Ta yi dariya ta ce, “Tsoho, ai na fasa aurenka, ƙarnin kifi kake yi.” Bayan sallar isha'i malamin ya je ɗakin mahaifinsa ya durƙusa, ya ce, “Baba, na zo neman gafara a kan majimfar da na sare muku.” Tsohon ya ce, “Malam, wannan ai ta daɗe da wucewa. Me ya tuno maka?” Sai ya kwashe labarin soson teku ya faɗa masa, da na makullin bogi, da yadda kifi ke kasa numfashi. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, “Mu mun san tana sa kifi maye. Mun san ba a zuba ta a ruwa mai gudu, ba a zuba ta lokacin da kifi ke da ƙwai, ba a shayar da dabba a gurbin sai an kwana biyu. Amma dalilin ba mu taɓa tambaya ba. Shi wannan Baturen ya tambaya. Kai kuma da aka tura ka ka koyo tambayar, sai ka dawo da adda.”

Yarinyar ta koma makaranta, gashinta ya tsiro, ta yi sallah biyu cikin ƙawayenta. Bayan shekara guda da 'yan watanni ciwon ya dawo da ƙarfi, Allah ya karɓi abarsa. Malamin bai taɓa cewa maganin ya yaudare shi ba. Yakan ce wannan shekarar da ya ƙara gani tare da ita, bayan ikon Allah, wani mutum ne da bai san Wudil ba ya tsaya ya dubi abin da ya kwanta a gindin kwalba bai zubar ba.

Bayan sadakar arba'in ya sayi babban littafin rubutu mai kauri. Kowace Juma'a da yamma, idan kasuwar Wudil ta fara watsewa, yakan zauna gaban mahaifinsa yana tambaya yana rubutawa: sunan tsiro, inda yake fitowa, ɓangaren da ake amfani da shi, lokacin ɗiba, gwargwadon da ake sawa, da abin da ake gudu. Sun rubuta ɓawon aduwa, da gabaruwa, da marke, da sabara, da wasu ciyayin bakin ruwa da tsohon ya ce rabonsa da ganinsu tun bayan da aka datse kogi a Tiga a 1974. A saman kowane shafi malamin yakan ja layi ya raba gida biyu: abin da Baba ya gani, da abin da aka gwada. Gida na biyu kusan duk fari ne. Yana sane da cewa ba kowace magana ta tsofaffi ce za ta tsallake gwaji ba, yana kuma gargaɗin ɗalibansa cewa ganyen da ya kashe kaska yana iya kashe mutum, kuma dokar da ta hana zuba guba a kogi tana kan daidai. Abin da ya daina shi ne yanke hukunci kafin bincike.

Garin Wudil yana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022. Tsakanin ɗakunan gwajinta da bakin kogi tafiyar 'yan mintoci ce. Burin malamin shi ne wata rana ɗaya daga cikin yaran da yake koyarwa, wataƙila ɗan masunci irinsa, ya ɗauki littafin nan ya shiga da shi ɗakin gwaji ya fara cike gida na biyu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an same ta kafin a yi, masu ita kuwa kullum raguwa suke yi. Tsohon ya haura tamanin, idonsa ya fara rauni, wani lokaci suna yakan ɓace masa sai washegari ya tuno.

A damunar da ta biyo baya, wani masunci da ya dawo daga Binuwai ya kawo wa malamin 'yan ƙwayoyin iri a ƙulle cikin leda. Shi da kansa ya haƙa ramuka huɗu a bayan ɗakin mahaifinsa, a daidai inda ya tone na farko, tsohon yana zaune a kan tabarma yana nuna masa zurfin da ya kamata.